Ƙafar Motar Hanim

Aji huɗu na yi a firamare, shi ma ban kai ƙarshensa ba kawuna ya zo ya ɗauke ni zuwa tashar mota. Na fara da wannan ne don kada wani ya ga magana a rubuce ya zaci malami ne ke bayani. Sai dai a lungunmu na Faisal, a nan Alƙahira, na fi shekara talatin ina cin sarautar masanin Turanci. Ba ni na naɗa kaina ba. Mutanen unguwa sun ga baƙin mutum yana fita da kwat kowace safiya, yana tuƙa baƙar mota mai tuta ta ofishin jakadancinmu, sai suka yanke hukunci cewa Turanci a bakinsa yake kamar yawu. Aka shiga kawo mini kwalin magani, da takardar sabon firji, da wasiƙar hukumar ƙasar da ɗan wani ya tafi. Ni kuwa in gyara tabarau, in yi gyaran murya, in karanta kalma ukun da na sani, sauran in cike da hankali. Allah ya rufa asiri, babu wanda ya mutu.

Babban mai yi mini talla shi ne Usta. Haka Misirawa ke kiran babban makaniki, kuma haka kowa ke kiransa, har matarsa. Gajere ne mai kauri, hannayensa kamar an saƙa su da igiya. Garejinsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, mota ɗaya da rabi yake ci, rabin kullum a titi take kwana. Tun ina saurayi nake kai masa motocin ofis, da na yi ritaya kuma na ƙi komawa gida, sai bencin ƙofar garejin ya zama ofishina. Da Larabcin Masar muke hira, nawa mai ƙamshin daddawa. Yana ce mini Mista, ina ce masa jikan Fir'auna.

"Ya Mista," in ji shi, "Ingila ta mulke ku ta mulke mu. Ku kun koyi harshensu, mu mun koyi zaginsu. Wa ya ci riba?"

"Mu mana. Mu mun san abin da suke rama muku da shi."

Ni na jawo masa motar. A Zamalek, unguwar jakadu da ke tsakiyar kogi, akwai wani tsohon bene da wani ogana ya taɓa zama a ciki. Shekaru na yi ina jiransa a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin benen, kusa da wani tudu da aka lulluɓe da tamfol. Rannan na ɗaga gefen tamfol ɗin. Wata 'yar mota ce ƙasa-ƙasa, mai dogon hanci, kujera biyu tak, babu rufi, koriya kamar ganyen kuka. Ba ta da ƙafa ko ɗaya, a kan bulo take zaune, kyanwa ta haihu a kujerar direba ba sau ɗaya ba. Sitiyarinta a dama yake.

Mai motar wata dattijuwa ce a hawa na huɗu, Hanim ake ce mata, wato uwar ɗaki. Bayan na yi ritaya na je gaishe ta, ta ba ni tarihin motar da shayi a kofin da nake tsoron taɓawa. Ta ce da hannu aka ƙera ta a wani ƙaramin kamfani a Ingila, ba su yi irinta da yawa ba, kamfanin ma ya daɗe da mutuwa. Wani Bature mai sayen auduga ne ya sauko da ita a jirgin ruwa a Iskandariyya. Da Turawa suka tattara ya-nasu-ya-nasu, ya sayar wa mahaifinta, likita wanda ya yi karatu a Ingila. A cikinta yake kai ta makaranta, gashinta yana tashi, malamai suna harara. Da ya tsufa sai ya kwance motar da niyyar sabunta ta, ya ɗaura wa kowane ƙarfe 'yar takarda da zare ya rubuta sunansa da Turanci, ya jera su a akwatuna. Bai ɗaura ko noti ɗaya ba ajali ya zo.

"Ina so in ji kukanta sau ɗaya kafin in bi shi," in ji ta.

Na buga ƙirji. Na ce akwai makaniki, akwai kuma mai karanta takardun.

Shekara biyu muka yi a kanta. Na ce muka yi, amma ku san rabon aikin: Usta na ƙarƙashin mota, ni ina kan benci da tabarau. Da aka cire bodin sai muka tarar ƙashin bayanta katako ne. Usta ya zagaya ta sau uku ya ce, "Mista, mutanenka gado suka yi wa inji?" Gara ta cinye rabi. Wani kafinta mai yin kujerun amare ya sassaƙa sabo, yana yi yana rantsuwa cewa ba zai gaya wa abokan sana'arsa ba. Fatar kujeru a kasuwar Ataba muka samo ta, bayan mun yi yini uku muna kutsawa cikin 'yan sari, wani mai ɗinka jaka ya ɗinka. Abin da ba a samu a kasuwa ba Usta ya zana a bayan kwalin sigari ya kai wa mai injin gurza ƙarfe ya fitar. Kafireto biyu gare ta, kuma dole su ja iska daidai da juna. Usta ya sa bakin tiyo a kunne, ɗaya bakin a maƙogwaron kafireto, ya lumshe ido yana murɗa sukurudireba kamar mai gyara molo, har muryoyin biyu suka zama ɗaya. Ranar da injin ya tashi, mai sayar da wake na bakin lungu ya bar tukunyarsa ya zo kallo.

Takardun likita kuwa ban ji kunya ba. Birki birki ne, fulogi fulogi ne, kuloci kuloci ne, Turancin mota ai rabinsa Hausa ce da aka lanƙwasa. Har muka iso ƙafafu.

Ƙafafun motar na waya ne, irin na keke. Ba su da noti huɗu ko biyar kamar motar mutane. Kowace ƙafa ana zura ta a kan wata cibiya ta ƙarfe, sannan a rufe da ƙaton noti guda ɗaya mai kunne biyu, a buga kunnen da gudumar jan ƙarfe har ya kama. Usta bai taɓa aiki da irinsu ba, amma ya jera cibiyoyin huɗu a ƙasa ya gwada, nan take ya gano wani abu.

"Biyu suna ɗauruwa yadda Allah ya halicci noti. Biyu bahagwai ne, baya-baya suke shiga. Bature ba ya yin haka don wasa. Akwai na gefe ɗaya, akwai na ɗaya gefen. Karanta mini, wanne ne na ina?"

Rubutun jikin notin guduma ta cinye shi tun zamanin mai auduga. Saura takardun likita. Na ɗauko, ina sa ran in ga dama da hagu, waɗanda ko a barci na san su da Turanci. Ban gan su ba. Biyu an rubuta musu niya said, biyu an rubuta musu of said.

Said na san shi, gefe ne. Niya na san shi, kusa ne. Of said kuwa a filin ƙwallo kaɗai na taɓa jin sa, lokacin da alƙalin wasa ke hura usur a kan ɗan wasan da ya yi satar gida. Gefen kusa. Kusa da wa? Takardar ba ta faɗa ba. Na yi cirko-cirko kamar direban da ya iso mararraba babu allo.

"Ko mu tambayi Hanim?" in ji Usta. "Ta iya harshen nan."

Nan ne wurin. In da za a ba ni dama in koma wuri ɗaya a rayuwata in gyara, ba aurena na fari zan koma ba, nan zan koma. Kalma uku ce a Hausa, ban sani ba, a Larabci ma ba ta fi haka ba. Amma mai wake yana tsaye, kafinta yana tsaye, shekara talatin na sarauta suna tsaye.

"Haba jikan Fir'auna, a hau hawa huɗu a dami tsohuwa da zancen noti? Ni da na koyi tuƙi lokacin da ƙasarmu ke bin hannun Ingila? Gefen kusa, ai kusa da direba ke nan. Mota don wa aka yi ta in ba direba ba? Direban wannan a dama yake zama. Niya a dama, of a hagu. Khalas, shi ke nan."

"Ka tabbata?"

"Kamar sunana."

Ya ɗaura su yadda na ce.

Mako biyu muna zagaya lunguna da ita a hankali, babu abin da ya faru. Sai wata Juma'a da safe, lokacin da titunan Alƙahira ke hutawa, Usta ya ce a fita da ita babbar hanya ta bayan dalar Giza a ji numfashinta kafin a kai wa mai ita. Ya ɗauki guduma ya bi ƙafafu huɗun ɗaya bayan ɗaya ya buga, a kan idona. Ya shiga dama, na shiga hagu na danne hulata da hannu.

Ba zan yi ƙarya ba, ta yi daɗi. Gindinka kusan a kwalta yake, iska na dukan haƙora, injin na gurnani kamar rago mai ƙoshi. Usta na ta ihu yana yi wa Ingila addu'ar da ba ta taɓa samu daga bakin Bamisire ba. Mun yi nisa sai wani ƙas-ƙas ya fara daga gaba. Ya ɗaga ƙafa daga totur. Kafin ya taka birki hancin motar ya dunƙusa ta dama, ƙafar gaba ta fice ta yi gaba abinta, muka ja ƙasa, muka juya, muka daki tudun yashi na gefen hanya.

Ni hulata ce kawai ta faɗi. Ko ƙwarzane ban yi ba, kuma har yau ina jin haushin hakan. Usta kuwa sitiyari ya fizge masa hannun dama, wuyan hannun ya karye wuri biyu. Wani mai tasi ya tsaya ya tafi da shi asibiti. Ni na zauna gadin mota ina jiran mai janwe.

Ina zaune na kai hannu kan notin ƙafar baya, haka kawai. Ya juya a hannuna kamar murfin kwalba. Na zagaya ɗaya gefen. Shi ma. Na ukun ma haka. Duka ukun da suka rage sun saki, saura ƙiris su bi 'yar uwarsu.

Abin da ya zo mini a rai shi ne: wayyo, tsohon nan bai buga da ƙarfi ba, in mutane suka ga haka sunansa ya ɓaci. Na ɗauko guduma a bayan kujera, na bi su uku na ɗaure tamau kafin mai janwe ya iso. Har na ji daɗin kaina. Na ce ga abokin kirki, ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Hanim ta sa aka mayar da motar ƙarƙashin benenta. Ta zo asibiti da kanta da kwalin alewa, ta dubi Usta cikin tausayi ta ce, "Ma'alish, ba komai, ya Usta. Shekaru ne, duk muna cikinsu." Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Da ta tafi ya ce mini, "Mista, ka ga na buga ta gaba?"

"Na gani."

"Ni ma ina ganin na buga. Amma uku sun zauna, ɗaya ta fita. Ƙarfe ba ya ƙarya. Ashe tsallake ta na yi, kaina ya gaya mini na yi."

A nan ne abin ya fara yi mini ƙaiƙayi. Na gan shi ya buga huɗu da idona, da ƙarfin da ya saba. Me zai sa huɗu su saki tare? Bayan kwana uku na shiga motar haya na tafi tsohon ofishinmu, wai gaisuwa. Akwai wata jami'a, Kirista 'yar Filato, da ta yi karatu a Ingila har ta yi tuƙi a can. Bayan mun gaisa na ce, kamar abin bai dame ni ba, "'Yata, in Bature ya ce niya said a mota, me yake nufi?"

"Gefen da ke kusa da bakin titi, Baba. Su da ke bin hagu, hagu ke nan."

"Ba kusa da direba ba?"

Ta yi dariya. "A'a, direba ai shi ne a of said. Me ya faru, za ka koma aiki ne?"

Na ce a'a, gardama ce muka yi a wurin shayi. Na fito na tsaya a kan gada ina kallon ruwa har wani ɗan sanda ya fara kallona.

Yanzu mai karatu zai ce, to sai ka tafi kai tsaye ka gaya masa. Haka ni ma nake cewa duk lokacin da na ba kaina labarin. Wata huɗu na yi ban faɗa ba.

Kullum da dalili. Makon farko hannunsa na ciwo, ba a ƙara wa mai ciwo ɓacin rai. Mako na biyu ɗansa yana wurin. Bayan nan azumi ya shigo, na ce a bari a sha ruwa, da aka sha ruwa na ce a bari a yi salla. Ina da ƙwarewa a wannan fanni, da ana ba da takardar shaida da na fi jami'ar nan ilimi.

Shi kuwa Usta yana ta raguwa a gabana. An cire filasta, bai buɗe gareji ba. Mai tasi ya kawo masa mota ya ce a kai wa wani. Famfon gidansa ya lalace ya kira mai gyara, shi da ya taɓa tayar da injin jirgin ruwa da waya da filaya. Ya fara komawa gida daga rabin hanya don ya duba ko ya kulle ƙofa. Rannan ya tsaya a tsakiyar alwala ya tambaye ni ko ya wanke fuska. Ɗansa, magidanci mai aikin banki, ya fara cewa a ba da garejin haya ga wani mai sayar da kayan waya, Baba ya huta.

Ran Juma'a sahu ɗaya muke tsayawa, yana damana. In liman ya yi sallama na juya dama, fuskarsa nake fara gani. Na koma tsayawa a ɗaya gefensa. Ba ta canja komai ba, sallama biyu ce.

Matata na gaya wa, ita kaɗai. Tana tankaɗe ta ajiye rariya.

"Malam, tun ranar da ka karanta mini takardar asibiti ka ce a sha kafin abinci, likita ya ce bayan abinci, na san wannan Turancin zai ci mutum. Tashi ka je."

"Ana neman lokacin da ya dace."

"Lokacin da ya dace da wa? Mutum na can yana zaton hankalinsa ya tafi, kai kana nan kana cin tuwo har da neman ƙari."

"Neman ƙarin ai don kada ki ji haushi ne."

"Allah ya shirye ka. Ni dai na fita."

Wata ranar Talata na je lungu na tarar an buɗe garejin, wasu mutum biyu suna awon bango. Usta na zaune a benci da wani abu a naɗe cikin jarida. Ya miƙo mini. Gudumar jan ƙarfen ce.

"Riƙe, ya Mista. Duk unguwar nan kai kaɗai ne ba ka ce mini na tsufa ba."

Na karɓa. Wallahi na karɓa, na yi godiya, na kai ta gida na tura ƙarƙashin gado. Na ƙara kwana tara. A cikin kwana taran nan aka sa hannu a takardar haya, aka kwashe kayan aikin shekara arba'in aka zuba a buhuna, aka shafa wa bangon fenti ruwan hoda.

Ran na goma bayan la'asar na same shi a wurin shan shayi na bakin titi, shi kaɗai a tebur. Na ajiye gudumar a gabansa. Ban zauna ba. Na faɗa masa duka, tun daga takardar likita har maganar jami'ar, ba tare da gyaran murya ba.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Sauran ukun fa?"

"Sun saki."

"Ka gani?"

"Na gani. Na ɗaure su kafin mai janwe ya zo."

Na zaci zai jefe ni da kofi. Sai ya jawo farantin shayi ya kifa, ya ɗora murfin kwalba a kai, ya shiga juya farantin da hannun hagu, gaba, baya, leɓɓansa na motsi. Ya juya ta ɗaya hannun. Can sai ya daki tebur har cokali ya yi tsalle.

"Ɗan banzan Bature! Ka ga abin da ya yi? In kowace cibiya tana gefenta, tafiyar motar ce ke ƙara ɗaure notin. In aka musanya su, tafiyar ce ke kwance shi. Ko da gudumar maƙeri na buga sai sun fita!" Fuskarsa ta yi haske kamar ranar da injin ya tashi. "Na buga ta ke nan. Na buga huɗu."

"Ka buga huɗu."

Hasken bai daɗe ba. Ya dubi hannunsa na dama, wanda ya warke a sandare ba ya lanƙwasuwa. Ya dubi ƙarshen lungu.

"Yaushe ka sani?"

"Kwana uku bayan faɗuwar."

Ya ƙirga watannin a yatsu, a hankali, har huɗu. Ya kira mai shayi, ya kira mai wake, ya aika a kira kafinta, ya sa na maimaita a gabansu ina tsaye. Na maimaita. Mai wake ya ce, "To takardar firjina fa?" Babu wanda ya yi dariya sai shi mai waken.

Washegari muka hau hawa huɗu a Zamalek. A ƙofa Usta ya ce, "Da Turanci za ka gaya mata."

"Haba Usta."

"Ai kai ne masani. Yalla, mu je."

Na fara, na yi kalma shida na maƙale. Hanim ta ce in dawo Larabci don Allah kafin mahaifinta ya juya a kabari. Da na gama ta tashi, da sandarta da komai, ta je gaban Usta ta ce ta janye maganar da ta yi a asibiti, ya yi mata afuwa. Ni ko kallona ba ta yi ba. Ta dai ce, tana duban taga, "Hawa huɗu ne kawai, kuma akwai lifta."

A ƙarƙashin benenta muka ƙarasa aikin, tunda babu gareji. Wata uku. Usta na zaune a kujerar mai gadi yana ba da umarni, ni da gwiwoyina masu ƙara ina ƙasa. Muka musanya cibiyoyin huɗu. Madigadin da ya lotse wani mai ƙera tukwanen alminiyam ya buga shi ya dawo. Duk notin da na ɗaure sai Usta ya sa hannun hagu ya taɓa, ya ce sake. Ban taɓa cewa ai ya yi ba.

Ranar gwaji ni na tuƙa, don hannunsa ba ya iya juya sitiyarin. Ya yi wa kowane noti alama da alli, layi ɗaya daga kunne zuwa waya. Na ɗauki Hanim muka zagaya tsibirin Zamalek sau biyu, muka haye gada muka dawo. Ta cire ɗankwali ta riƙe a cinya, a kan gada ta ce in ƙara wuta. Usta na tsaye a bakin titi inda muka bar shi. Kafin in kashe inji ya durƙusa a gaban ƙafar gaba. Layin allin ya gota kaɗan, ta wajen ɗauri. Ya bi huɗun duka. Ya miƙe ya share hannu a riga, ya ce wa Hanim, "Tamam." Ta riƙe hannunsa mai ciwo da hannayenta biyu ta daɗe ba ta saki ba.

A hanyar komawa Faisal, cikin motar haya, buhun kayan aikinsa a kan cinyata, na ce masa ya yafe mini.

"Karatun na yafe," in ji shi. "Jaki ma in aka sa masa tabarau zai gwada. Hannun ma na yafe, rabo ne. Ukun da ka ɗaure, ka ce don ni ka yi, to na karɓa."

"Saura fa?"

"Wata huɗu ina kwana ina tashi ina zaton kaina ya ruɓe, kana zaune kusa da ni kana shan shayi. Wannan ka bar ni da shi tukuna."

Na ce to.

Kafin mu iso bakin lungunmu ya ƙwanƙwasa rufin mota ya ce a sauke shi. Na ce ai da saura. Ya ce ya sani. Muka sauka, ya bi ta bayan makarantar 'yan mata, ya zagaya ta kasuwar kayan miya, muka ɓullo gidansa ta baya. Sai a lokacin na gane ba ya son wucewa ta ƙofar shagon kayan waya.

Har yau ta nan yake bi, zuwa masallaci da dawowa, sau biyar a yini in yana da lafiya. Hanyar ta ninka ta da sau biyu, ga kwata, ga masu babur. Ni ma ta nan nake bi, a bayansa da taku biyu, gwiwata na kuka. Bai taɓa ce mini in zo ba, bai kuma taɓa ce mini in koma ba.